Wayarka Tana Wurina, Baban Qudus

Fagge, Kano.
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga maigidana, inuwar kaina, sanyin idona, Baban Qudus,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka, ya kai ruwan farkon damina a kan ƙasar da rana ta gajiyar. Ya kai iskar da ke riga hadari isowa, ta ɗaga labule ta shiga ɗaki ba sallama, kowa ya ji daɗinta. Ya kai darbejiyar da na yi shekara ashirin da takwas ina zaune a gindinta ina mitar ganyen da take zubarwa, ban taɓa ɗaga kai na yi mata godiya ba. Ina gaishe ka gaisuwar mai laifi. Yaya jikin? Yaya kwanan baƙon wuri?

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Rabona da in riƙe biro in rubuta abin da ya wuce layi biyar tun wasiƙar da na kai wa shugabar makarantar su Sumayyah a kan guntun siket ɗin da suka ce 'yan mata su sa ranar wasanni. Amma ta ina zan same ka? Wayarka tana wurina. Ga ta nan a kan tebur kusa da hannuna, na cika mata caji, tana kawo haske duk lokacin da abokanka suka kira, ni kuwa ba ni da fuskar ɗauka. Yau kwana tara ke nan da ka sa hularka ka fita daga gidan nan. Kwana tara kana kwana a ɗakin baƙi na amininka Nwabueze a Sabon Gari, tafiyar da ba ta kai minti ashirin a ƙafa ba, amma ta zame mini kamar tsakanin Kano da bakin teku.

Na kasa zama, Baban Qudus. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe sai in manta abin da ya tashe ni. Jiya sau uku na share baranda. Shekaranjiya sau biyu na zuba gishiri a miya, yara suka ci a haka ba wanda ya yi tari, don sun san halin uwarsu. Adaidaita ba za ta tsaya a ƙofar layi ba sai na tsinci kaina a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Kujerarka ta roba tana nan inda ka bar ta, na hana kowa hawa, na kuma hana kowa matsar da ita, kuma in ka tambaye ni dalili ban san abin da zan ce ba. Wace irin zuciya ce wannan da take yi mini kamar kaza a cikin kwando? Ashe haka gida yake komawa in babu tarinka na safe a cikinsa?

Da hantsin yau Obiageli ta zo. Ka san matar amininka, ba ta iya shafa wa magana zuma ba. Ko zama ba ta yi ba ta ce ta ji kana gaya wa Qudus ya kama maka kujera a motar Asabar, wai za ka tafi Ogbomosho wurin yayanka ka huta, ba ka kuma faɗi ranar dawowa ba. Ta ce shekara talatin tana zuba maka abinci a gidanta, ba ta taɓa ganin ka ajiye cokali a rabin faranti ba sai a makon nan. Sannan ta dube ni ta ce harshena zai iya fere doya ba tare da wuƙa ba, kuma in ban yi wani abu kafin Asabar ba, kada in zo mata da kuka. Na buɗe baki zan rama, sai na ga gaskiya ta faɗa. Shi ya sa na ɗauko takarda.

Bari in faɗi abin tun daga tushe, don ka san na zauna na yi tunani, ba kewa kaɗai ce take magana ba.

Bara waccan da likita ya ce jininka ya hau, ka bar wa Qudus shagon Kasuwar Singa ka dawo gida da zama, na ji tsoron zaman ya kayar da kai kafin ciwon. Mutumin da ya saba tun sassafe yana tsakiyar katan-katan na madara da taliya yana ciniki da yare uku, sai ga shi a baranda yana kallon ƙadangaru. 'Yarmu Kaosarat ce ta tausaya maka ta sa maka manhajar gyaran hoto a waya, ta nuna maka wuraren dannawa. Kafin mako ya zagayo ka wuce ta. Ka ɗora tabarau a karan hanci, ka ɗan fito da harshe ta gefen baki kamar ɗan firamare mai koyon rubutu, yatsanka yana yawo a kan gilashi tun hantsi har a kira azahar. Ka ɗauki Titin Ibrahim Taiwo da rana tsaka, ka mayar da shi kamar an gama ruwa yanzu, kwalta tana sheƙi, fitilun motoci kwance a cikinta. Ka ɗauki rufin kwanon unguwarmu da tsatsa ta cinye, ka zuba masa hasken yamma har ya koma kamar zinariya. Ka sa wa akuyar maƙwabta fukafukai, duk layin nan aka yi dariya ban da ni. Ranar da ka ɗinke tsohon hoton mahaifinka, wanda ya yage ta tsakiya, ka sa masa launi har hularsa ta dawo ruwan goro kamar yadda ka tuna ta, ka kira ni ka ce in zo in gani. Na amsa daga kicin cewa tuwona zai kama.

Me na riƙa ce maka? Na ce wasan yara ne. Na ce dattijo mai furfura, Alhaji guda, bai dace a gan shi yana sa wa akuya fiffike ba. Ka san dokata a gidan nan: ba filta. Na sha gaya wa 'ya'yanmu cewa wadda ta goge fuskarta a hoto ta yi ƙarya ba tare da ta motsa baki ba, kuma ta nuna ba ta gode wa Wanda ya halicce ta ba. Sumayyah ta yi mako biyu ba waya saboda hoton da ta fito fara fat, da furanni a ka da idanu kamar na mage. Har gobe ban ce na yi kuskure a kanta ba. Yarinya ce, tarbiyyarta a wuyana take, kuma ni za a tambaya. Amma kai ba Sumayyah ba ne, hasken raina. Wannan ne abin da na manta.

Ka tuna tashar jirgin ƙasa? Ka tuna ranar da jirgin kudu ya yi latti tun safe har bayan la'asar, sama ta haɗe ta yi baƙi, kowa ya ruga ƙarƙashin rumfa? Ina da shekara ashirin da biyu, mahaifiyata ta aiko ni in karɓi buhun alabo da jarkar manja da aka yo mata saƙo. Na ja mayafina na rufe kumatu kamar yadda na saba duk inda baƙin ido suke. Sai iska ta zo ta yaye shi. Ka kalle ni. Na san kallon mutane: su dubi tsagar da ke fuskata, uku a wannan kunci uku a wancan, sai su yi saurin kawar da kai kamar sun ga abin da bai kamata ba. Kai ba ka kawar ba. Ka faɗi sunan garin iyayena, ka faɗi sunan unguwarsu, ka ce irin wannan ce a fuskar mahaifiyarka.

"Ke 'yar gida ce," ka ce. "Ga adireshinki nan a rubuce, lambar ɗaki kawai aka manta."

Na haɗe rai na ce ba tarbiyya ba ce namiji ya tsare 'yar mutane da ido. Ka ce ai ba kallo kake ba, karatu kake yi. Da jirgin ya iso ka ɗauki jarkar manjan a kafaɗa tun daga tasha har ƙofar gidanmu a Fagge, ruwa yana dukanka, manja yana bin farin kaftaninka, ni kuma ina gaba ina yi maka faɗa a kan riƙon da ka yi mata a karkace. Ya kai sanyin bayan ruwa, ka san me ya faru da ni a ranar? Ranar ce ta farko a rayuwata da na shiga gida na tsaya gaban madubi ba don in ga ko hoda ta rufe ba. Wani ya karanta fuskata bai ji tausayina ba. A kan wannan na aure ka. Ba a kan shago ba, ba a kan kyan muryarka ba ko da yake tana da shi, a kan wannan kaɗai.

To ka gane abin da ya same ni ranar Litinin ɗin nan. Mako guda kafin nan, ranar baikon Kaosarat, ka tsayar da ni a bakin ƙofa da leshina ruwan bula da gwaggwaron da na yi rabin awa ina ɗaurawa, ka ɗauke ni hoto ina ce maka ka yi sauri baƙi suna jira. Na manta da shi. Sai ranar Litinin da hantsi wayata ta fara ƙara ba tsayawa. Na buɗe guruf ɗin dangi, ga hoton nan ka tura. Ka cire ƙofar gidanmu daga bayana ka sa tashar jirgi, da hadari a sama da hasken yamma yana ratsa shi. Ga leshina, ga gwaggwarona, ga idanuna. Amma kumatun sumul suke kamar ɓararren ƙwai. Babu tsaga ko ɗaya. Ƙanwarka ta Legas ta rubuta cewa ashe haka nake da kyau layuka suka ɓoye ni. Wata ta ce na koma 'yar ashirin. Wata ta ce don Allah Alhaji ya yi mata irinsa. Mutum goma sha ɗaya suka yi mini murna, Baban Qudus, kamar wadda ta warke daga ciwo.

Sauran ka san shi, amma zan rubuta don in ga muninsa da idona. Ana cin abincin rana, ga Qudus, ga Kaosarat, ga Sumayyah, ga kuma yaron da zai auri 'yarka ya zo gaisuwa, na miƙe tsaye a tsakiyar falo na buɗe wa'azi. Na yi maganar canza halitta, na yi maganar ƙarya, na yi maganar furfurar da ba ta kawo hankali ba. Sau biyu ka buɗe baki, sau biyu na ɗaga maka hannu. Sannan na faɗi abin da har yanzu yake yi mini zafi a harshe:

"In mai santsin fuska kake so, me ya kai ka ƙofar gidan ubana?"

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai na miƙa hannu na fizge wayar daga gefen farantinka, na jefa ta a jakata, na ce za ka same ta ranar da hankalinka ya dawo. Kalmomin da na gaya wa Sumayyah ke nan, ko harafi ban canza ba. Surukinka ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Qudus ya tashi ya fita. Kai kuwa ka wanke hannunka a tsanake, ka yi hamdala, ka sa hula, ka ɗauki 'yar jakarka. Ko ƙofar ba ka buga ba. Da ma ka buga ta! Da ma ka zage ni, da na sami abin riƙewa.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma in ka gama karantawa ka ƙona wannan shafin. Kafin in yi fushi da hoton nan, sai da na so shi. Na tsaya a kicin ni kaɗai, albasa a hannu ɗaya waya a ɗayan, na kalli matar nan mai sumul ɗin fuska na tsawon lokacin da ban san iyakarsa ba. Na ce ashe haka zan kasance. Na tuna 'yan ajinmu na sakandare da suke tambayata ko da kyanwa muka yi dambe, kuma wa ya yi nasara. Na tuna hoton gama makaranta da na tsaya a layin ƙarshe na karkatar da kai. Na tuna yadda har yau nake rufe kunci da tafin hannu in dariya ta kama ni a cikin mutane. Ka tuna lokacin da marigayiya mahaifiyarka ta so a yi wa Kaosarat tsaga tana jaririya, na tsaya kai da fata na ce addini ya hana? Ban yi ƙarya ba, amma ba wannan ne ya tsayar da ni ba. 'Yan ajinmu ne suka tsayar da ni. Na adana hoton nan a wayata kafin in fito in yi maka wa'azi a kansa, kuma har yanzu da nake rubutun nan na kasa goge shi. Ba kai na yi wa faɗa ba ranar nan, ruwan zumata. Da matar da ta tsaya a kicin nake, kai ne dai ka fi kusa da hannuna.

Kuma ina ta maganar canza halitta, alhali ita kanta tsagar ba da ita aka haife ni ba. Askar wanzami ce ta yi ta ina kwana takwas a duniya. Da ka so ka kashe bakina a gaban yara da wannan maganar kaɗai ta isa. Ka san ta, ka haɗiye.

Kwana bakwai na yi ina zagaya wayarka kamar mai zagaya garwashi. Shekaranjiya na buɗe. Ba ka taɓa ɓoye mini lambar ba, shekarar aurenmu ce. Na shiga wurin hotuna don in ƙara wa kaina haushi, sai na tarar ba ɗaya ba ne. Arba'in da ɗaya ne. Ni ce, ni ce, ni ce, layi bayan layi, duk hoto guda. Na kira Kaosarat ta zauna kusa da ni, ta yi mini bayani tana kallon ƙasa. Ta ce manhajar ce da kanta take yin haka: da zarar an ƙara wa fuska haske sai ta share duk abin da ta ɗauka datti ne, ƙurji ko tabo, ba ta san tsagar gado ba. Ta ce tun ranar farko ka yi mata ƙorafi cewa abin nan yana cinye fuskar Mamanku. Ka nemi inda ake kashe shi, in ka kashe sai hasken yamman da kake so ya tafi. Sai ka bar hasken, ka buɗa kuncin ya cika gilashi, ka fara mayar da tsagar da yatsanka, ɗaya bayan ɗaya.

Na bi su a jere. A na farko-farko ta yi baƙi ƙirin kamar an zana da gawayi. A na goma sha wani abu ta yi siriri kamar gashi. A na ashirin da biyu ta yi kyau amma ta miƙe da yawa kamar an ja da rula, na san ba ta yi maka ba don ka sake. Sai na zo na arba'in da ɗaya. Shida cif, kowace da inuwarta. Ta tsakiya a kuncin hagu ta fi 'yan'uwanta gajarta, kuma wutsiyarta ta ɗan lanƙwasa wajen kunne. Na ce nan kam ya yi kuskure. Na tashi na je gaban madubi da wayar a hannu. Baban Qudus, haka take. Mahaifiyata ta taɓa ba ni labari cewa na zille a hannun wanzamin, amma ni na daina duba wurin tun ina yarinya. Shekara hamsin ina ɗauke da fuskar nan, ashe akwai wanda ya fi ni sanin ta.

Wayar ta nuna ranar Lahadi da yamma ka gama shi. Kusa da shi ga na arba'in, wanda ba ka kai ga mayar wa tsaga ba, su biyun ƙanana kamar kan sarki. Kai da ko lambar mita ba ka iya karantawa sai da tabarau. Tabarau ɗin kuwa ni da kaina na tsince shi a kan tagar banɗaki da hantsin Litinin, har na yi maka faɗan yar da kaya. Kuskuren yatsa ne wajen turawa, ka taɓa wannan maimakon wancan. Abin da ka buɗe baki sau biyu za ka faɗa ke nan, ko ba haka ba?

Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Ina zan sa kaina? Mako guda kana baranda kana zana fuskata, ni kuma ina wucewa da tsintsiya ina ce maka ka ɗaga ƙafa.

Akwai wani abin kuma, kada ka yi dariya. Ko da yake yi, na cancanta. Kwana biyun nan ni ce a kan manhajarka. Da farko na ce bari in ga abin da yake cinye wa mutum yini. Na taɓa nan hoto ya yi ja kamar an zuba masa manja, na taɓa can ya yi fari kamar fatalwa. Na gwada jan layi ɗaya tak a kan kunci, irin wanda ka ja sau ɗari, yatsana ya yi mini gardama, sai ga shi na zana abu kamar tsutsa. Wanki da wanke-wanke sun sa kan yatsun nawa kaushi, gilashin ma ba ya son su. Na gano inda ake mayar da sama shuɗiya, na yi wa hoton tsakar gidanmu, sai na ji ina murmushi ni kaɗai. Jiya shinkafa ta ƙone ƙurmus ina neman yadda ake komawa baya in an ɓata. Sumayyah ta shigo ta same ni da tabarau ɗinka a hanci, ta kalle ni, ta kalli wayar, ta juya. Ina jin ta a kicin tana dariya a cikin hijabi. Na so in kira ta in yi mata faɗan rashin kunya, na rasa bakin yi.

Kada ka ɗauka na soke dokata. Har yanzu ina nan a kan cewa yarinya ta mayar da kanta fara don samari su yaba ƙarya ce, kuma ba za a yi ta a gidana ba. Amma na gane abin da kake yi daban ne. Kai ba ɓoye abu kake ba. Kana nuna mana yadda idonka yake ganin abubuwan da mu muka gaji da gani: rufin kwano, kwalta, akuya, tsohuwar mata mai faɗa. Ni ce ban tsaya na duba ba.

Kuma tunda gaskiya ake faɗa, kai ma kana da naka. Wane irin magidanci ne zai fita ya bar maganin hawan jininsa a kan firji? Kwana tara! Rai naka ne kai kaɗai? Malamai sun hana gaba ta wuce kwana uku tsakanin Musulmi biyu, mu ga shi mun ninka sau uku, ga bikin 'yarka saura wata guda, me kake so dangin miji su ɗauke mu? Ka gani ko, na sake komawa wa'azi. Yi haƙuri. Haka nake son mutum, ban iya wata hanyar ba, ba a koya mini ba. In na yi maka faɗan magani, ina ce maka ne kada ka mutu ka bar ni. Ga shi nan cikin ledar da Obiageli za ta ba ka tare da takardar nan, ƙwaya ɗaya da safe bayan ka ci wani abu. Tabarau ɗinka ma yana ciki, don kada ka ce ba ka iya karantawa ba.

Wayar ce ban sa ba. Ba a hannun ɗan aike zan mayar da ita ba.

Ya farin watan da ke leƙowa bayan hadari ya wuce, ya ƙanshin ƙasa, ya mai haƙurin da ya fi ƙarfin bakina, kada ka hau motar Asabar. Me za ka tarar a Ogbomosho in ba yayanka da tambayoyinsa ba? Wa zai san ba ka son barkono da yawa a miyar ayoyo? Wa zai tashe ka in ka yi barci a kujera wuyanka ya karkace? Ka dawo ranar Juma'a in an sauko daga masallaci. Na riga na gaya wa Qudus ya rufe shago da wuri. Na gaya wa Kaosarat ta kira yaron nan ya zo, na ce ko yana da aiki ya ajiye. Sumayyah ma tana nan. Mutum huɗun da suka ga lokacin da na fizge ta, su za su ga lokacin da zan durƙusa gwiwa biyu a tsakiyar falon in miƙa maka ita da hannu biyu, in faɗi laifina da bakina ba tare da na haɗa da naka ba. Na yi shekaru ina koya wa 'ya'yan nan cewa wanda ya yi laifi a fili a fili yake ba da haƙuri. Ba su taɓa ganin na yi ba. Ranar Juma'a za su gani.

In kuma Juma'a ta wuce ban ji sallamarka ba, to ka sani da sassafen Asabar ina tashar mota da jakata. Ka san doguwar tafiya tana sa ni amai tun kafin a wuce Zariya. Za ka sha wahalata har Ogbomosho, kuma ba zan sauka ba.

Abu na ƙarshe. Da nake bin hotunanka na lura ba mu da hoto tare, ni da kai, tun na ranar aurenmu, don duk lokacin da ka ce mu tsaya sai in ce ba ni da lokacin shiririta. Yau da safe na ɗauko naka na ranar baiko, na ɗauko nawa na arba'in da ɗaya, na gwada haɗa mu wuri guda a gaban tashar nan. Na yanke maka kunne ɗaya. Kanka ya fi nawa girma sau biyu, ƙafafunka kuma ba su taɓa ƙasa ba, kana tsaye a iska kusa da ni kamar mai shirin tashi. Na yi, na ɓata, na sake, na kasa sauko da kai. Na bar shi a haka a cikin wayar. Ka zo ka gyara.

Taka ce ni jiya, taka ce yau da duk faɗana, taka kuma har ranar da za a ja likkafani a rufe fuskar nan da tsagarta shida,

Raliat, Maman Qudus.